Matasa da Sanin Kiwon Lafiya a Ƙasar Hausa: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun hanyoyin da sanin kiwon lafiya ya riƙa bi yana isa ga samari da 'yan mata a ƙasar Hausa, tun daga zamanin masu jihadi har zuwa yau, a kuma ga abin da ya sa wani ya samu, wani ya rasa. Abin da ake nufi da sanin kiwon lafiya a nan ya wuce haddace sunayen cututtuka. Ana nufin mutum ya iya neman bayani a kan jikinsa, ya fahimce shi, ya auna shi ya ga ko na ƙwarai ne ko na banza, sa'an nan ya yi aiki da shi. A 1974 ne masana a Amurka suka fara ba wannan abu suna na musamman, amma abin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba.

Tun daga farko akwai 'yar matsala ta suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe shekarun da ke tsakanin 10 da 19, ta ce su ne shekarun tashen balaga, masu bukatar kulawa ta daban. Hausa ba haka ta yanka rayuwar mutum ba. Namiji yaro ne, sa'an nan saurayi, ya zauna cikin samartaka har ran da ya yi aure ya zama magidanci, ko da ya kai shekara 25. Mace kuwa, a da, 'yan shekaru kaɗan take yi tana budurwa. Da ta kai 13 ko 14 an ɗaura mata aure, daga ranar kuma ta shiga sahun matan aure, ana yi mata hukuncin babba alhali jikinta bai gama girma ba. Kalmar "matashi" da ake amfani da ita yanzu ta yi faɗi da yawa, gama a bakin 'yan siyasa har mai shekara 40 yana fakewa cikinta. Rukunin mutanen da ba shi da suna kuwa, da wuya a ware masa malami, ko kasafin kuɗi, ko ɗaki a asibiti.

Gida da makarantar allo

Makarantar farko ta kowane Bahaushe gida ce, amma a gidan Bahaushe akwai maganar da uba ba ya yi da ɗansa, uwa ma ba ta yi da 'yarta. Kunya ce ta shata wannan iyaka, ta kuma fi tsanani a kan ɗan fari, wanda iyayensa ko sunansa ba su faɗi. Al'ada ba ta bar gurbin a buɗe ba. Ta miƙa aikin ga waɗanda ke da wasa ko sakin fuska da yaro. Kaka, wadda ke kiran jikarta kishiya, tana kiran jikanta miji, ita ce ke iya tambayar yarinya ko ta fara ganin al'ada. Goggo da inna da yayar da ta riga ta yi aure suna ƙarawa. A kwanakin lalle tsofaffi mata ke zaunar da amarya su gaya mata abin da za ta tarar. In ta sami ciki na fari kuma sai ta koma gida goyon ciki, a nan ne ungozoma da tsofaffin gida za su koya mata jego da reno. Saurayi shi ya fi zama maraya a wannan tsari. Bayan wanzami ya yi masa kaciya yana ɗan shekara 7 ko 8, babu wani babba da al'ada ta ɗora wa nauyin zama da shi. Abin da ya sani game da balaga a dandali ya tsince shi, ko a ɗakin samari, daga bakin wanda ya girme shi da shekara biyu.

Ƙarfin wannan tsari amana ce. Yarinya ba ta shakkar kakarta, maganar kuma cikin harshenta take zuwa, a daidai lokacin da take bukatarta. Rauninsa shi ne ba ya karɓar tambaya. Mai kyau da mai cutarwa a ƙwarya ɗaya ake miƙo su, a ce haka aka gada. Wankan jego misali ne. Mai jego takan yi kwana 40, wani lokaci fiye, tana wanka da tafasasshen ruwa, tana kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, tana shan kunun kanwa, duk don a kori sanyi. A shekarun 1970 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka nuna cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a kewayen Zariya, suka kuma danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa da kuma zafin da ake gasa jiki da shi. Babu tsohuwar da ta yi nufin cutar da jikarta. Amma yarinya 'yar shekara 15 da ƙafafunta suka kumbura, numfashinta yana sama-sama, ba ta da bakin da za ta ce a rage kanwa.

Ta wajen samari ma akwai irin wannan. Tsargiya, watau fitsarin jini, wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda ke renuwa cikin katantanwar ruwan kwance, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini. Binciken da aka yi a ƙasar Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna ta fi kama yara maza masu iyo a kududdufi da madatsun ruwa. Da yake kusan kowane yaro a wasu ƙauyuka yakan gan ta, sai ta daina zama cuta a idon mutane. Wasu suka ɗauke ta zafin rana ne, wasu ma suka ɗauke ta alamar namiji ya fara kawo ƙarfi. Abin da jama'a duka suka yarda lafiya ce, ba a zuwa neman maganinsa.

Wuri ɗaya da ake kiran waɗannan abubuwa da sunansu a fili shi ne gaban malami. Ɗalibin da ya wuce allo ya shiga littattafai, da Ahalari da Ishmawi yake farawa, ya bi ta Iziyya ya kai Risala, dukkansu kuwa tsarki na cikin babinsu na farko-farko. A nan yake jin hukuncin ruwa, da tsarkin bayan gida, da wankan janaba, da haila, da jinin biƙi, malami yana karanta Larabci yana fassarawa da Hausa kalma bayan kalma, ba ya sunkuyar da kai, don an ce babu kunya a sha'anin addini. Masu rubuta tarihin kiwon lafiya sun cika tsallake wannan aji, alhali shekaru aru-aru shi ne kaɗai darasin jikin ɗan Adam da ke da littafi da malami a ƙasar nan. Sai dai manufarsa ingancin ibada ce. Yana gaya wa yarinya cewa hailar mai farawa ba ta wuce kwana 15 a mazhabar Malikiyya, amma ba aikinsa ba ne ya gaya mata cewa jinin da ya yi yawa yana ƙarar da jinin jiki. Ga shi kuwa 'yan mata kaɗan ne ke kaiwa wannan mataki kafin a yi musu aure.

Shugabannin jihadi ba su yi sakaci da ilmin magani ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Nana Asma'u ma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Amma da Larabci aka yi waɗannan, don malamai. Abin da ya fi kusa da isa ga ƙananan mata shi ne tsarin 'yan taru na Nana Asma'u, inda jajoji ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci su koma su koyar. Abin lura a nan shi ne su wa ke cikin ayarin: tsofaffin da suka wuce haihuwa, da 'yan matan da ba su yi aure ba. Ƙaramar amarya mai ciki, wadda ta fi kowa bukata, tana ɗaki, sai abin da aka kawo mata.

Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, lafiyar da ta fara damunsu ita ce tasu da ta sojojinsu. Shi ya sa aka ware musu unguwanni nesa da birni, don gudun sauro. Kula da lafiyar talakawa a hankali ta biyo baya, ta hannun En'e, kuma fuskar da ta fara nuna wa jama'a ita ce fuskar duba-gari. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta ta Kano don horar da su. Duba-gari yakan leƙa randa ya nemi 'ya'yan sauro, ya duba shadda da kwata da mahauta, in ya ga ƙazanta ya kai mai gida gaban alƙali a ci shi tara. An sami tsaftar gari da wannan, babu musu, har yau tsofaffi suna begen zamanin. Amma yaron da ya ga an fasa randar uwarsa, abin da ya koya shi ne a ɓoye randa in an hango mai kaki. Ba lalle ne wani ya tsaya ya nuna masa cewa 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil su ne ke zama sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓi ba. Haka aka yi a Anchau ta lardin Zazzau a shekarun 1930 da 1940, inda don yaƙi da ciwon barci aka sare kurmin bakin rafuka, mazaunin ƙudan tsando, aka tashi mutane daga ƙauyukansu, aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna da rijiyoyin siminti aka sa masa suna Takalafiya. Aiki ne na ƙwarai ta fuskar likita, da umarni kuma aka yi shi.

Bayani, inda aka yi shi, a makarantar boko aka yi. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, tsafta na cikin abin da ake koyarwa, kuma duk wanda ya yi elementare ya san layin safe na duba farce da haƙori da kai. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, da goyon bayan Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, inda tsafta da renon jarirai da ɗinki suka kasance manyan darussa; sai dai galibin ɗaliban daga gidan sarauta da gidajen ma'aikatan En'e suka fito. Hukumar Talifi ta Zariya ta yi nata ƙoƙari. A 1939 ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga baya kuma Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausa. A shekarun 1950 aka zo da Yaƙi da Jahilci, da ƙananan littattafan hukumar NORLA, da jaridun larduna irin su Himma da Sodangi da Zaruma da Bazazzaga, ga kuma majigi da ke zagaya garuruwa yana nuna finafinan tsafta a ƙofar fada. (Ba laifi a tuna cewa Malam Sa'adu Zungur, kafin a san shi da siyasa da waƙa, ya bi ta Makarantar Tsafta ta Kano, ya kuma koyar a makarantar harhaɗa magunguna ta Zariya.)

Abu biyu suka rage amfanin wannan ƙoƙari. Na farko, 'yan makarantar kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawan yaran ƙasar. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Hukuma ta zaɓi rubutun boko ta bar ajami, saboda haka dubban samarin da ke karanta ajami sarai aka lissafa su cikin jahilai, galibin takardun gargaɗi da aka manna a kasuwa kuma suka zama musu zane kawai. Wanda ya tsallake wannan shinge ya ci gaba da karatu sai ya tarar da wani a gaba: daga manyan azuzuwa da Turanci ake koyarwa. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ma, wanda ya biyo bayan shirin firamare kyauta na 1976, shekarun farko na firamare kaɗai ya bar wa harshen gida. Sakamakon haka, a daidai shekarun da jikin yaro ke sauyawa, a lokacin ne ake juya masa bayanin jikin zuwa harshen da bai ƙware ba. Ɗalibi yakan zana hanji da mahaifa a takardar jarrabawa ya ci maki, ya koma gida ya kasa bayyana wa ƙanwarsa ko ɗaya da Hausa. A Maraɗi da Damagaram ma haka abin ya kasance, sai dai can Faransanci ne ya tsaya a ƙofar.

Agana da darasin da aka ɗauka

Babbar nasarar da aka samu a kan wata cuta a ƙasar nan ita ce kawar da agana. A 1967 aka fara gangamin lamba a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya, ana amfani da bindigar allura mai yi wa ɗaruruwan mutane cikin awa guda. A Arewa sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya sa mai unguwa da sanƙira, jama'a suka yi layi. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya.

Nasarar gaskiya ce, amma ta koya wa ma'aikatun lafiya wani darasi da ya zame musu alaƙaƙai. Sun ga cewa ana iya kawar da cuta ba tare da talaka ya san kome game da ita ba, muddin ya miƙa damtse. Daga nan "wayar da kai" a takardun ofis ya koma nufin a kai wa hakimi ziyara, a yi shela, a ƙidaya waɗanda suka fito. Wannan dabara tana aiki ga cutar da allura ɗaya ke tarewa. Ba ta aiki ga abin da ke kashe matashi ko ya nakasa shi, gama waɗannan a ɓoye suke faruwa, inda babu hakimi: ciwon sanyi da saurayi ke jin kunyar faɗa sai ya je kemis ya sayi rabin magani, da cikin da ya zo wa yarinya kafin ƙugunta ya buɗe, da kwalbar da aboki ya miƙo a bayan makaranta. A irin wannan wuri abin da yaron ya fahimta da kansa shi kaɗai ke tare da shi.

An yi yunƙurin gyara bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora muhimmanci a kan kiwon lafiya matakin farko. Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an koya wa jama'a haɗa ruwan gishiri da sukari don mai gudawa, kuma wannan bayani ne na ainihi, wanda mutum zai yi da hannunsa a gida ya ga amfaninsa. Rediyo ta taimaka ƙwarai, tun da Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, Rediyon Kaduna kuma tun 1962, akwatin rediyo kuwa ba ya tambayar mai sauraro ko ya yi boko. Sai dai shirye-shiryen nan jarirai da iyayensu mata suka dosa. Asibitin karkara yana da ranar awon ciki, yana da ranar rigakafin yara. Ɗan shekara 15 ba shi da rana.

Abin da asibitin Zariya ya nuna

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da wannan giɓi ke jawowa daga Zariya ta fito. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin jami'a, aka buga sakamakon a 1985. Sun tarar da cewa mutuwa wajen haihuwa ta taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da naƙuda ta gagara aka kawo su, kuma ƙananan 'yan mata masu cikin fari suna cikin waɗanda suka fi shiga hatsari. Matan da suka yi makaranta kuwa, kusan dukkansu sukan zo awo, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Har ila yau sun lura da wani abin mamaki: 'yan matan da aka ba maganin zazzaɓin sauro da na ƙarin jini lokacin goyon ciki, da yawansu sun ƙara tsawo kafin su haihu. Watau yaran da ba su gama girma ba ne ke ɗauke da cikin.

Wani likita a asibitin, Tahzib, ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari, ya buga bincikensa a 1983. Fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri ne, watau tsagar da ungozoma ko wanzami ke yi a gaban mace da nufin magani. Daga tsakiyar shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya mayar da asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina wurin ɗinke irin waɗannan mata, ya yi wa dubbai aiki. Duk wanda ya san yadda doguwar naƙuda ke faruwa a ƙauye ya san cewa ko yarinyar ta san hatsarin, ba ita ke yanke shawarar tafiya asibiti ba. Kunyar haihuwar fari ta hana ta yin kuka, miji ya tafi cin rani, babu mai ba da izini, babu kuɗin mota. Saboda haka auna sanin yarinya ita kaɗai, kamar yadda masu bincike ke yi da takardar tambayoyi, rabin aiki ne. Sai an auna na miji da na uwar miji. Amma makaranta tana taɓa duka biyun, gama tana ba yarinya sani, tana jinkirta aurenta, tana kuma ba ta bakin magana. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya sake tabbatar da abin da aka gani a Zariya shekara 40 kafin nan: cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, kashi 19 cikin 100 a Nijeriya sun haihu ko suna da ciki, a Arewa maso Yamma kashi 29, a cikin waɗanda ba su yi makarantar boko ba kuwa kashi 44.

Ƙanjamau da maganar amana

A 1986 aka ba da rahoton ƙanjamau na farko a Nijeriya, sai ga hukuma ta wayi gari dole ta yi wa samari da 'yan mata maganar da iyayensu ba su yi musu. An daɗe ana jan ƙafa. Manhajar da aka tsara wa makarantu ta gamu da suka daga malaman addini, Musulmi da Kirista, har aka sauya mata suna a 2003 ta koma ilmin zaman iyali da kariya daga ƙanjamau, aka kuma bar wa kowace jiha ta daidaita ta da al'adarta. A 2022 ma ministan ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire darasin jima'i daga manhaja, yana ganin aikin iyaye ne da malaman addini. Matsayi ne mai hujja, sai dai ya mayar da nauyin kan mutanen da kunya ta ɗaure wa baki tun asali, a zamanin da kaka ke ƙauye, jika ke birni. Masu tsara manhajar su ma da laifinsu. Da sun fara daga babin tsarki na Ahalari, wanda makarantun Islamiyya suka riga suka kai wa 'yan mata da matan aure masu ɗimbin yawa tun daga shekarun 1970, da sun tarar da ƙofa a buɗe da kalmomi a shirye.

Ana cikin haka amana ta sami rauni. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Zana na Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200. 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an sa maganin hana haihuwa cikin rigakafin shan inna, ba a sha wuyar samun masu gaskatawa ba. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali. Mutanen da aka saba wa miƙa damtse ba tare da bayani ba, ran da suka yi shakka ba su da ma'aunin da za su rarrabe gaskiya da ƙarya. Yaran da suka tashi suna jin wannan muhawara a zaure, su ne iyayen matasan yau.

Waya a hannu

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, intanet ya biyo ta, matsalar ta juya. Da can bayani ne ya yi ƙaranci. Yanzu ya yi yawa, kuma da Hausa, cikin murya da hoto, ba ya bukatar iya karatu. Saurayin da ba zai iya tambayar ubansa ba yana tambayar Facebook da TikTok cikin dare. A can yana iya gamuwa da likita na gaskiya mai bayani da Hausa, yana kuma iya gamuwa da mai tallar maganin basir da sanyi da ƙarfin maza, wanda da a bakin kasuwa yake da lasifika. Na biyun ya fi iya magana, ba ya jin kunya, ba ya kuma cewa a je a yi gwaji. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha; mutane da yawa suka kwanta asibiti, aƙalla biyu suka mutu. A 2018 sai da BBC ta nuna fim a kan yadda samari da 'yan mata, har da na Kano, ke shan maganin tari mai kodin kafin gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Da yawa cikin masu shan sun ɗauka abin da ake sayarwa a kemis ba ya zama ƙwaya.

Shirye-shiryen da suka dosi matasa kai tsaye sun fara samuwa. Rigakafin sanƙarau da aka fara a Nijar a 2010, a Nijeriya a 2011, ya haɗa da duk mai shekara 1 zuwa 29. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa. Maganin tsargiya ma yanzu ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya, ana raba ta kyauta. Sai dai hanya mafi sauƙi ga ma'aikaci ita ce ya je makaranta, ya karɓi rajista daga hannun hedimasta, ya sa yara a layi, ya cika fom ya koma ofis. Almajirin da ke wanki a kududdufin bayan gari, da yarinyar da ke yawon talla, da amarya 'yar shekara 14 da ke cikin lalle, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a wannan rajista.